Sabuwar Rauta a Gida: Aikin Ranar Farko



Maganar yau a kan wani ɗan akwati ce wanda ya shiga gidaje da yawa, da makarantu, da ɗakunan shan magani, da ofisoshi, har da shagunan kasuwa. Shi ne na'urar rarraba intanet, wadda masu kanti suke kira rauta. Aikinta shi ne ta karɓo intanet daga kamfani ta hanya guda, sa'an nan ta raba wa wayoyi da kwamfutocin da ke cikin gida, ko ta igiya ko ta iska, watau abin nan da ake ce wa Wi-Fi. Galibin mutane idan sun sayo ta sai su haɗa ta da lantarki, su ga fitilunta sun kama, su karanta kalmar sirrin da aka buga a jikinta, su shigar a wayarsu, shi ke nan. Intanet ya samu, yara suna murna, an jefar da kwali da takardun da ke ciki. Amma fa da sauran aiki, aikin da ba ya wuce rabin sa'a, wanda idan aka bar shi, kamar mutum ne ya kafa sabon ƙyaure ya bar mabuɗin a jikin kwaɗo ya tafi barci.

A cikin kowace rauta akwai wani shafi nata na kanta, shafin shirye-shirye, inda mai ita yake faɗa mata abin da za ta yi da wanda za ta bari ya shigo. Rauta ba ta da allon rubutu, ba ta da maɓallan bugawa, saboda haka sai an ara mata na kwamfuta ko na waya. Abin da ake buɗe shafin nan da shi kuwa shi ne burauza, watau Chrome, ko Firefox, ko Safari, ko Opera, wadda mutum ya saba karanta labarai da ita. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, suna tsammani sai da intanet ake isa shafin. Ba haka ba ne. Shafin yana cikin akwatin nan da ke kan tebur, ko da kamfani bai haɗa layi ba tukuna, ko da data ta ƙare ƙaf, ana iya buɗe shi.

Abu na fari shi ne a haɗa kwamfuta da rauta. A bayan rauta akwai ramuka na shigar da igiya. Guda ɗaya ya kan bambanta da sauran, sau da yawa launinsa daban, an rubuta masa WAN ko Internet. Wannan na igiyar da ta fito daga kamfani ne. Sauran, waɗanda aka rubuta wa LAN, su ne na kayan cikin gida. Kwamfutar da za a yi aikin da ita a ɗaya daga cikin na LAN ake sa ta. Igiya ta fi iska a wannan rana, domin nan gaba kaɗan za a sake sunan Wi-Fi da mabuɗinsa, kuma wanda yake haɗe ta iska zai yanke a tsakiyar aiki. Wanda ba shi da igiya, ko kuwa rautarsa irin ƙaramar nan ce ta aljihu mai amfani da layin waya, sai ya juya ta ya duba takardar da aka manna a ƙarƙashinta, ko a cikin murfin batir, zai ga sunan Wi-Fi da kalmar sirrin da ta zo da su, ya shiga da su. Idan da wayar hannu zai yi aikin, ya kamata ya kashe datar wayar tukuna, gama wasu wayoyi in sun ga Wi-Fi ba ya kawo intanet sai su saki shi su koma kan data ba tare da sun sanar ba.

Daga nan sai adireshi. Adireshin rauta lambobi ne kashi huɗu, da ɗigo tsakanin kowane kashi da na gaba. Waɗanda aka fi samu su ne 192.168.0.1 da 192.168.1.1. Ƙananan rautocin Huawei masu layin waya galibi 192.168.8.1 suke amfani da shi, wasu kamfanoni kuma 10.0.0.1. Akwai masu ƙera rauta da suka sauƙaƙa abin suka ba da suna maimakon lamba: na TP-Link tplinkwifi.net, na Netgear routerlogin.net. Ko wanne ne, ana samunsa a rubuce a takardar nan ta ƙarƙashin akwati. Sai a rubuta shi a dogon gurbin da ke can saman burauza, inda ake sa adireshin shafi. Wanda ya rubuta shi a akwatin bincike na Google, tambaya ya yi wa duniya, ba ƙofar rautarsa ya ƙwanƙwasa ba, kuma abin da zai fito masa jerin shafukan wasu mutane ne waɗanda bai kamata ya ba su kalmar sirrinsa ba.

Mai tunani zai ce, to, yaya aka yi rautarsa da ta maƙwabcinsa da ta mutumin wata ƙasa duk adireshinsu ɗaya, amma ba a rikice ba? Dalili shi ne, tsohon tsarin lambobin intanet adireshi wajen biliyan 4.3 kaɗai yake iya bayarwa, kuma tun da wuri masana suka hango ba za su ishi duniya ba. Saboda haka a 1994 aka keɓe rukuni uku na lambobi don amfanin cikin gida, aka sake tabbatar da su a 1996 cikin takardar ƙa'ida mai suna RFC 1918. Su ne masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 har zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Waɗannan ba sa fita waje. Misalinsu kamar kalmar zaure ce: kowane gida yana da nasa, kuma idan mai gida ya ce wa yaro ya je zaure, ba wanda zai tambaya zauren wa. Rauta ita ce take zaune a zauren nan. Tana ba kowace waya da kowace kwamfuta ta gidan lambarta ta ciki, ita kuma ta riƙe lamba guda ta waje wadda kamfani ya ba ta, duk saƙon da zai fita ko zai shigo sai ya bi ta hannunta. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci abin da ya sa shafinta ya cancanci tsaro fiye da kome a gidan.

Idan takardar jikin akwati ta goge, ko wani ya taɓa sake adireshin, kwamfuta da kanta tana iya faɗa. A kan Windows ana buɗe baƙin allon nan na ba da umurni, a rubuta ipconfig, sa'an nan a nemi layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rauta. A waya kuwa ana taɓa sunan Wi-Fi da aka shiga a duba bayaninsa, lambar tana nan. Wani lokaci burauza ta kan yi gargaɗi cewa shafin ba amintacce ba ne. Game da shafin banki ko na kasuwanci wannan gargaɗi abin tsoro ne, kada a ƙetare shi. Amma game da rautar da mutum yake kallo da idonsa, wadda ya rubuta adireshinta da hannunsa, dalilin kawai shi ne ba ta da takardar shaida irin ta manyan shafuka, sai a ci gaba.

Shafin da zai fara fitowa zai nemi suna da kalmar sirri. To, a nan ne jigon maganar yake, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mabuɗai biyu ne a rauta, ba ɗaya ba. Na farko mabuɗin Wi-Fi, wanda ake ba iyali da baƙi su sami intanet. Na biyu mabuɗin shafin shirye-shirye, wanda mai riƙe da shi shi ne mai mulkin akwatin duka. Mutane da yawa sun san na farko, suna ɓoye shi, suna sake shi idan sun ga data tana saurin ƙarewa, alhali ba su ma san da na biyu ba. Shekara da shekaru masu ƙera rauta suna fitar da dubban akwatuna da mabuɗi na biyu iri ɗaya: suna admin, kalmar sirri admin, ko password, ko 1234. An buga waɗannan a littattafan bayanin kayan, suna nan a intanet ga duk mai so. Ba sirri ba ne ko kaɗan.

Abin da sakacin nan yake haifarwa an riga an gan shi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a duniya. Dabararta ba ta da zurfi: tana riƙe da jerin sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60, tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana gwada su a wata ƙofar baya da aka bari a buɗe a jikin kyamarorin tsaro da rautoci da makamantansu. Da wannan kaɗai ta kama na'urori dubu ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka tura irin wannan runduna kan wani kamfani na Amurka mai suna Dyn, sai manyan shafuka kamar Netflix da Twitter, wadda yanzu ake kira X, suka ƙi buɗuwa ga mutane masu yawa a Amurka da Turai har tsawon sa'o'i. A ƙarshen shekarar nan kuma aka juya wani reshen Mirai kan wani kamfanin waya a Laberiya, har intanet ya tabarbare wa jama'ar ƙasar. Baturen Ingilan da aka biya ya yi aikin, kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8 a Janairun 2019.

Wani zai ce wannan faɗan manya ne, ina ruwan mai shago da shi. To, ga wanda ya shafi aljihu kai tsaye. A cikin shafin rauta akwai wani gurbi mai suna DNS. Shi ne kamar littafin adireshi: idan mutum ya rubuta sunan bankinsa a burauza, wurin da aka sa a gurbin nan ake tambaya a ce ina ne lambar bankin. Ɓarawon da ya shiga shafin ba ya bukatar ya fasa kome, sai kawai ya sauya littafin da nasa na ƙarya. Mai gida ya rubuta sunan banki daidai, ba kuskuren harafi ko ɗaya, amma a kai shi wani shafi da aka kwaikwaya, ya zuba lambobinsa na sirri a hannun ɓarawo. A 2018 masu binciken tsaro suka gano wani shiri irin wannan da aka sa wa suna GhostDNS, wanda ya kama rautoci fiye da 100,000, galibinsu a Birazil, kuma cikin hanyoyin da ya bi har da gwada kalmomin sirri na masana'anta a shafin shirye-shirye. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Hukumomin wasu ƙasashe sun ga abin ya wuce a bar wa mai saye. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, Ingila kuma tata ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024, duka biyu sun hana a sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri guda ta kowa da kowa. Shi ya sa sababbin rautoci da yawa yanzu kowace da tata kalmar a takardar jikinta, ko kuwa ta tilasta wa mai ita ya zaɓi sabuwa tun shigar farko. Wannan ci gaba ne. Sai dai tsofaffin kaya ba su ƙare a kantuna ba, na hannu kuma suna yawo a kasuwa, saboda haka kada kowa ya ɗauka tasa tana cikin masu gyara sai ya duba.

Da zarar an shiga, to, kafin a taɓa kome, a nemi wurin sake kalmar sirrin shafin, a sake ta. Kada ta zama sunan ɗa, ko na mata, ko lambar waya, ko shekarar haihuwa, domin waɗannan su maƙwabci da ɗan aike suka fi sani. Tsawo ya fi wuya amfani: kalmomi huɗu ko biyar waɗanda ba su da dangantaka da juna, a haɗa su da 'yan lambobi, sun fi gajeren abu mai cike da alamomi wanda mai shi zai manta kafin Juma'a. Lalle ne kuma ta bambanta da ta Wi-Fi. A rubuta ta a littafi a ajiye inda ake ajiye takardun fili da na makarantar yara. A makaranta ko ofis, ya kamata shugaba ya riƙe kwafi a rufe, don kada ranar da aka yi wa akawu canjin wurin aiki ya tafi da mabuɗin a kansa. Haka nan idan wani yaro mai sanin na'ura ne ya zo ya haɗa, a gode masa, a biya shi haƙƙinsa, bayan ya tafi a sake kalmar. Wannan ba zargi ba ne; magini ma idan ya gama gini ya kan miƙa mabuɗi.

Sashen haɗawa da kamfani ba shi da tsawo. Yawancin layuka da kansu suke ba rauta lambarta, ba abin da za a cika. Wasu, masu tsarin da ake kira PPPoE, suna bukatar suna da kalmar sirri waɗanda kamfani yake bayarwa a takarda ranar haɗa layi. Mai amfani da layin waya kuwa galibi rauta tana gane kamfanin da kanta. Idan kamfani ne ya kawo akwatin ya shirya wannan sashe, a bar shi yadda yake.

Sai Wi-Fi. A ba shi suna wanda ba ya faɗin mai gida ko irin rautar, gama sunan da ta zo da shi sau da yawa yana tona kamfanin da ya ƙera ta, ya rage wa mai neman shiga wahala. A ƙarƙashin suna akwai zaɓin irin kullen da za a yi. WEP shi ne tsoho, na 1997, kuma tun 2001 aka nuna rauninsa. Yau cikin 'yan mintoci ake fasa shi, bai cancanci a kira shi kulle ba. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. A zaɓi WPA3 idan dukan kayan gidan sun san shi, in ba haka ba WPA2, ko zaɓin da ya haɗa su biyu. Kalmar sirrin Wi-Fi ba ta karɓuwa in ta gaza harafi 8, tana kuma iya kai 63. A yi ta 12 ko fiye. Wani ɗan abu da ya shafi mai rubuta Hausa: kada a sa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a cikinta, domin tsarin ba don su aka yi shi ba, kuma talabijin ko na'urar buga takardu ba lalle su iya rubuta su ba. Rautoci da yawa suna watsawa a zango biyu, 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bango. Na 5 ya fi sauri amma a kusa. A bar su duka biyu a kunne.

Akwai abubuwa biyu da ya fi kyau a kashe. Ɗaya shi ne WPS, wanda aka yi don a shiga Wi-Fi da lamba 8 ko da danna maɓalli. A Disambar 2011 aka bayyana cewa rauta tana duba lambar nan rabi-rabi ne, ta ƙarshe kuma lissafi ne kawai na sauran, saboda haka gwaji 11,000 ya isa a gano ta, abin da kwamfuta take gamawa cikin sa'o'i. Masu ƙera rauta sun yi gyare-gyare daga baya, amma mai gida ba shi da hanyar sanin ko tasa ta samu, kuma rashin WPS ba ya rage masa kome. Ɗayan shi ne izinin buɗe shafin shirye-shirye daga waje, ta intanet. Wanda ba shi da ƙwaƙƙwaran dalili ya bar shi a kashe, domin shi ne yake fitar da ƙofar shafin zuwa bakin titi.

Maganar maƙwabta kuwa, kowa ya san nauyin da ke cikin a roƙi mutum mabuɗin Wi-Fi ya ce a'a. Yawancin rautoci suna da maganin wannan, watau Wi-Fi na baƙi, mai sunansa daban da kalmarsa daban. Wanda ya shiga ta nan yana samun intanet, amma idan an shirya shi daidai ba ya isa ga kwamfutocin gida ko shafin rauta, kuma ana iya sake kalmarsa kowane wata ba tare da an tayar da iyali ba. Ga mai shago, da ɗakin jiran marasa lafiya, da makaranta, wannan ya kusa zama wajibi.

Saura manhajar da ke tafiyar da rautar kanta. Masu ƙera ta su kan fitar da sabuwa idan an gano ɓaraka, kuma a shafin akwai wurin da ake dubawa. Akwatin da ya yi shekara a kanti mai yiwuwa ne an riga an wuce tasa. Sharaɗi guda ne, amma babba: kada wuta ta ɗauke ana cikin sabuntawa, gama rautar da aka yanke wa wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya ƙin tashi sam. Inda lantarki ba shi da tabbas, a jira sai an sa ta a kan batir ko janareta, ta aljihu kuma a cika cajinta tukuna. Idan akwai zaɓin ta riƙa sabunta kanta, a kunna shi. Rautar da kamfaninta ya daina yi wa gyara, ko da fitilunta suna ci, lokacin musanya ta ya yi.

Wanda ya manta kalmar shafin, ko ya sayi rauta ta hannu bai san abin da mai ita na dā ya bari a ciki ba, akwai wani ɗan rami a bayanta da aka rubuta wa Reset. Ana sa tsinke a danna, rauta tana kunne, a riƙe kamar daƙiƙa 10 har fitilu su ɗauke su dawo. Wannan yana share duk abin da aka shirya, har da na kamfani, ya mai da ita yadda ta fito daga masana'anta, saboda haka mai layin PPPoE ya tabbata takardarsa tana hannu kafin ya danna. Ta hannu dai kada a yi amfani da ita sai an yi mata haka.

Bayan an gama, a danna wurin ajiyewa a kowane sashe, domin wasu rautoci ba sa riƙe canji sai an ce su riƙe. Za ta mutu ta sake tashi, minti ɗaya ko biyu, wayoyin gida duk za su yanke. Ba lalacewa ba ce, sai a shigar musu da sabon mabuɗi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a koma burauza a gwada tsohuwar kalmar nan ta masana'anta, a ga ta ƙi. Sa'an nan a shiga da sabuwa, a buɗe sashen da yake nuna na'urorin da ke haɗe, a ƙidaya su, a gwada da yawan wayoyi da kwamfutoci da talabijin da ke cikin gidan.